Wa ke karanta wa talaka takardar haraji?

Duk lokacin da aka taɓa dokar haraji a ƙasar nan, akwai waɗanda labari ke riska tun tawada ba ta bushe ba. Su ne akantoci da lauyoyi da masu ofisoshin ba da shawara, galibinsu a Yamai. Sai ka ji an shirya musu taron yini ɗaya ko biyu, an bi ayoyin doka ɗaya bayan ɗaya: wannan ta canza, waccan an soke ta, ga sabon wa'adi, ga yadda za a shigar da ƙorafi daga yanzu. Su kuma su koma su sanar da waɗanda suke yi wa aiki, wato bankuna da kamfanonin waya da manyan alhazai masu shigo da kaya tirela-tirela. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sauran jama'a. Tela da mai kanti da mai injin niƙa da mai ƴar makarantar kuɗi ta aji shida a bayan gari, labarin dokar yana iske su ne ranar da aka miƙo musu takarda, wani ma sai ranar da aka zo da kwaɗo za a rufe masa shago.

Waɗannan mutane ba su da akanta. Abin da suke da shi malamin makaranta ne na unguwa. Duk abokin aikina da ya yi ƴan shekaru a wuri guda ya san zancen. Mu ne masu karanta takardar magani, mu ne masu karanta sammaci, mu ne masu cike wa mutane takardun neman katin ɗan ƙasa. Amma na lura takardar haraji daban ake kawo ta. Ba a kawo ta da rana a gaban mutane. Sai bayan isha'i, a ninke huɗu a aljihun riga, a daɗe ana gaisuwa ana tambayar iyali, sannan a ce, "Mushe, don Allah ɗan duba mini wannan." Idan ka buɗe ka dubi kwanan watan da ke samanta, sau da yawa ta yi sati biyar ko shida a ƙarƙashin katifa.

Dokar kuwa ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2012 aka tattara dokokin harajin cikin gida a kundi guda, kuma tun daga nan kusan kowace shekara dokar kasafin kuɗi sai ta ƙara wani abu ko ta rage. Wadda mutane suka fi tunawa ita ce ta 2018. Tun watan Oktoban 2017 aka fara fitowa kan titi a Yamai saboda ita, musamman kan harajin mazauni da aka ɗaura a kan kwantar wutar lantarki da batun harajin gado, a daidai lokacin da aka sauke wa kamfanonin waya harajin kiran da ke shigowa daga waje. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika, ba su fito ba sai a watan Yuli. Bayan wannan sai aka shigo da faktir mai hatimin na'ura, wadda ke kai wa hukumar haraji labarin cinikin da ɗan kasuwa ya yi kai tsaye. A watan Oktoban 2023 aka kafa asusun taimakon ceton ƙasa, wanda ya fara da ɗaukar dala biyu a kan kiran waya da sayen intanet. A 2025 kuma aka amince da sabon kundin haraji gaba ɗaya, domin ya maye gurbin na 2012. Ko wanda ya yi karatun fannin sai ya riƙa bibiya kafin ya riƙe wannan duka, balle mai kantin da ya bar makaranta a aji uku.

A cikin duk waɗannan sauye-sauye, wanda aka fi yin shiru a kansa shi ne wanda ya fi amfani ga ƙaramin mai sana'a: yana da damar cewa bai yarda ba. Doka ta san cewa ma'aikacin haraji ɗan Adam ne, yana iya kuskuren lissafi, yana iya ɗora wa mutum harajin sana'ar da ya daina, yana iya ƙiyasta ciniki fiye da yadda yake. Don haka ta shimfiɗa hanya. Da farko mutum ya rubuta ƙorafi zuwa ga hukumar da ta aiko masa takardar, ya faɗi abin da bai yarda da shi ba da dalilinsa, ya haɗa da hujjoji. Idan amsar da aka ba shi ba ta gamsar da shi ba, akwai kwamitin sasanci kan rigingimun haraji, wanda ake kira CARFI a taƙaice, da aka kafa domin a warware irin wannan saɓani kafin a kai ga alƙali. Idan nan ma ba a daidaita ba, sai kotu. Akwai kuma wata ƙofa daban ga wanda ya yarda ana bin sa amma ba shi da hali: yana iya roƙon a sassauta masa tara, ko a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan.

Sai dai kowane mataki yana da sharuɗɗa uku da ke tankaɗe talaka tun daga bakin ƙofa. Dole ƙorafin ya zama a rubuce, a aikace kuma da Faransanci. Dole a shigar da shi cikin wa'adi, in wa'adin ya wuce, komai gaskiyarka ta zama tsohon zance. Sannan in kana son a dakata da bin ka har a gama duba maganar, akan nemi ka fara ajiye wani kaso na kuɗin ko ka ba da jingina. Ga kamfanin da ke biyan lauya duk wata, wannan aikin safiya ɗaya ne. Ga mutumin Damagaram da ke da nisan kusan kilomita 900 da Yamai, wanda kuɗin motarsa zuwa da dawowa da masauki sun kusa kai abin da ake gardama a kai, damar tana nan a takarda kawai, kamar rijiyar da aka gina aka hana guga.

Bari in ba da misalin da na gani da idona. Akwai wani tela a unguwarmu, dattijon kirki, shekara da shekaru yana da keke huɗu da yara masu koyon aiki. Ciwon ido ya kama shi, ya sayar da keke biyu ya yi magani, yaran suka watse, ya koma shi da ɗansa. Ƙananan masu sana'a irinsa haraji guda ake yanka musu a dunƙule, gwargwadon cinikin da ake ganin suna yi a shekara. To shi bai sanar da kowa cewa aikinsa ya ragu ba, don bai san ana sanarwa ba, kuma ba ya rubuta ciniki a littafi. Takarda ta zo masa da lissafin mai keke huɗu. Ya ajiye ta. Ta biyu ta zo da tara a kai. Sai wani ɗan kamasho, irin masu zama a bakin ofisoshi suna cewa sun san na ciki, ya ce ya kawo jika 15 a kashe maganar. Ya ba shi, ba resi, ba shaida. Bayan wata biyu takarda ta uku ta zo, kuɗin na nan yadda yake har ya ƙaru, ɗan kamasho kuwa ya daina ɗaukar waya.

A lokacin ne ya zo wurina. Na ce masa, "Baba, me ya hana ka zo tun ta farko?" Ya ce, "Mushe, takardar gwamnati ai ba a gardama da ita. Na ɗauka in na yi shiru za su manta." Wa'adin ƙorafi ya riga ya wuce, don haka ba mu da bakin cewa lissafin ba daidai ba ne, alhali kuwa ba daidai ba ne. Abin da ya rage shi ne roƙo. Muka rubuta takardar neman sassauci, muka haɗa da takardun asibiti da shaidar wanda ya sayi kekunan. Aka rage masa tarar, aka raba masa sauran biya uku, aka kuma gyara lissafin shekara mai zuwa. Wanda ya karɓe mu bai wulaƙanta mu ba, har cewa ya yi da an zo da wuri da abin bai kai haka ba. Amma jika 15 ta tafi, kuma kuɗin biyan farko daga kuɗin makarantar jikarsa aka cire shi. Yarinyar ta yi sati uku a gida kafin a haɗa wani.

Wannan tsoro na Baba tela ba daga sama ya faɗo ba. Kakanninmu sun san haraji tun kafin Nasara, sarakuna na karɓar zakka da kuɗin ƙasa. Amma harajin kai na zamanin Faransa wani abu ne daban: a ƙirga mutanen gida, a yanka kuɗi a kan kowane kai, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ga jangali a kan dabbobi, ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Mai gari ne ke tarawa, in bai cika ba shi ake ci wa mutunci a bariki, shi ma ya dawo ya sauke a kan talakawansa. Garuruwa da dama na kudancin ƙasar nan sun ga mutanensu sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi don gudun wannan nauyi. Harajin kai ya ci gaba bayan samun ƴancin kai a 1960, sai a zamanin Seyni Kountché, bayan babban farin shekarun 1970, aka sauke shi tare da jangali. Har gobe a karkara akwai harajin gunduma da ake biya ta hannun masu gari. Mutumin da ya tashi yana jin labarin yadda aka shanya kakansa a rana saboda kuɗin kai, ba ka gaya masa da baki kawai cewa yanzu yana iya rubuta wa hukuma "ban yarda ba" ya kwana lafiya. Abin da ya gada shi ne dabara biyu, ɓuya da lallashi, kuma su biyun ne ke jefa shi hannun ƴan kamasho.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa a bar mutane kada su biya. Ni albashina daga haraji yake fitowa, haka alli da tebur da littafin da ke hannun ɗalibina. Ƙungiyar UEMOA ta sa wa ƙasashenta burin tara harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, Nijar kuwa ta daɗe tana kewayen rabin haka. Mu malamai mun san fassarar wannan giɓi fiye da kowa, don a cikinsa muke aiki. Ajin zana ne fassararsa. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar, irin haka ta faru a Maraɗi, yara aƙalla 25. Duk wanda ya tsaya gaban yara a cikin rumfar kara lokacin hunturu, iska na kaɗawa, mai tuya na hura wuta a bayan danga, ba zai ce ƙasa ba ta bukatar kuɗi ba. Abin da nake cewa shi ne mutum ya fi sakin kuɗinsa in ya san yadda aka lissafa su, ya kuma san inda zai je in an yi masa ba daidai ba. Jika 15 ɗin Baba tela ba ta shiga baitulmali ba, ba ta sayi bulo ko ɗaya ba.

Mu kanmu ma'aikata ba mu tsira ba, sai dai namu ba ya zuwa da kwaɗo. Harajin albashi tun daga tushe ake cire shi, hawa-hawa ne, daga kashi 1 har zuwa kashi 35 cikin 100 gwargwadon girman albashi, kuma ana rage wa mai iyali wani abu bisa yawan waɗanda ke wuyansa. Malamai nawa ne suka taɓa zama suka duba ko adadin ƴaƴan da ke kan takardar albashinsu ya yi daidai da na gida? Na san abokin aiki da ya yi shekara huɗu ana lissafa shi da ɗa guda alhali yana da huɗu, don bai kai takardun haihuwa ba. Mutum ne mai koyar da lissafi. Ba jahilci ya hana shi ba, sabo ne da ɗaukar duk abin da ya fito daga sama a matsayin ƙaddara.

A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake tsara darasi da yadda ake rubuta wa sufeto takarda, amma ba wanda ya taɓa ajiye mana takardar haraji a gaba ya ce ga yadda ake karanta ta. A darasin tarbiyyar ɗan ƙasa muna gaya wa yara cewa biyan haraji wajibi ne, su haddace, su rubuta a jarrabawa, shi ke nan. Rabin magana muke koyarwa. Ba mu gaya musu cewa mai biya yana da haƙƙin a ba shi resi, da haƙƙin a yi masa bayani, da haƙƙin ƙorafi.

Kuma abin ba ya bukatar sabon manhaja ko taron bita da kuɗin zama. Darasin kashi cikin ɗari yana nan a ajin ƙarshe na firamare. Maimakon misalin ɗan kasuwar da ba a taɓa gani ba mai sayen mita 40 na yadi, ni faktir ta gaske nake kawowa, in rufe sunan mai ita. Harajin TVA a ƙasar nan kashi 19 cikin 100 ne a kan yawancin kaya. Kayan jika 10, harajinsu tamma 1.900, jimla 11.900. Sai in juya tambayar: in an ce maka jimla 11.900, nawa ne kuɗin kaya, nawa ne na gwamnati? A nan ake gane wanda ya fahimta. Ranar da na fara yin haka wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, ashe ita ma tana biyan haraji in an aike ta sayen sabulu? Na ce ƙwarai kuwa, har wanda bai taɓa ganin ofishin haraji ba yana biya. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan tambayoyi suka ɓarke har aka buga ƙararrawa.

Akwai wani tarko kuma da sai mai koyarwa a ƙasar Hausa ya san shi. Takarda da tamma take magana, kasuwa kuwa da dala. In an rubuta 700, uwar yaro dala 140 ta sani. In ka karanta mata "ɗari bakwai" da Hausa ba ka ce tamma ba, abin da ta ji shi ne dala 700, wato 3.500, ninki biyar. Na ga an yi rigima a kan wannan a bakin kasuwa, mai karɓa da mai biya kowa na rantsuwa, kuma dukansu gaskiya suke faɗi. Yaron da ya iya juya tamma zuwa dala da dala zuwa tamma ba tare da ya tsaya ba, ya riga ya zama ɗan ƙaramin akantan gidansu.

Haka darasin rubuta wasiƙar hukuma a kwaleji. Shekara da shekaru yara na rubuta takardar neman aikin da babu shi. Me zai hana sau ɗaya a shekara su rubuta ƙorafi: sunan mai ƙorafi da lambarsa ta haraji, lambar takardar da aka aiko da ranar da ta iso hannunsa, abin da bai yarda da shi ba, dalili, hujjojin da ya haɗa, sa hannu. Kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da ita gida. Wannan hatimin shi ne dukan sirrin da ƴan kamasho ba sa so a sani.

Ga masu ba da shawara na gaskiya kuwa, ina da roƙo. Suna da ƙungiyarsu ta ƙwararrun akantoci, akwai kuma cibiyoyin da aka amince da su don taimaka wa ƙananan ƴan kasuwa riƙe littafi, tare da zauren ƴan kasuwa. Duk shekara suna fitar da bayanin abin da ya canza, shafi ashirin ko talatin, da Faransancin da ni kaina sai na karanta sau biyu. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: me ya canza ga mai kanti, yaushe ne wa'adi, ina ake kai ƙorafi. A karanta shi a gidajen rediyon gari, a tura shi ta WhatsApp da murya don waɗanda ba su karatu. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. An yi ta murna, ni ma na yi. To in wannan matsayi zai taɓa rayuwar mutum, ina ganin bayan takardar haraji ne wuri na farko da ya kamata a gan shi, layi biyar kacal, da boko da ajami, masu cewa kana da kwana kaza ka yi ƙorafi, ga inda za ka kai shi, kada ka ba kowa kuɗi sai da resi.

Kafin a kai can, aikin yana hannunmu da hannun iyaye. Wanda ke da sana'a ya sayi littafi na dala 40 ya ba ɗansa ɗan makaranta ya riƙa rubuta masa cinikin yini da abin da aka kashe, kowace yamma, ko da Hausa ne. Ranar gardama, wannan littafin mai datti ya fi rantsuwa goma nauyi, don in babu shi ƙiyasin ma'aikaci ne zai tsaya. A samu leda guda a riƙa tara resi a ciki, har tikitin kasuwa. In sana'a ta ragu ko an rufe shago ko an ƙaura, a je a sanar a rubuce tun kafin takarda ta zo. In kuma ta zo, a rubuta ranar da aka karɓe ta a bayanta da biro, a kai wa mai karantawa a ranar, ko da tsakar rana ne a gaban mutane.